Haƙarƙarin Labaran

Labaran mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Farin nan da ya cinye dabbobi shi ya koro shi Kano, daga shi sai matarsa Sauda sai tabarma. Ya yi dako a Dakata, ya taɓa gadi, kafin Allah ya haɗa abincinsa da wata masaƙa a Challawa, aka sa shi ɗakin da injina ke shiɓar auduga. Ɗaki ne da mutum zai shiga da baƙin gashi ya fito da furfura, in ya yi kaki ya ga zare. Nan Labaran ya shekara goma da wani abu, kullum a kan keke daga Kumbotso, har ta kai ɗan hawan da a da bai san da zamansa ba sai ya sauka ya tura.

Ya gaji, gajiyar da barci ba ya wanke ta. Ga tari ya kama shi, ga ƙirji kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Amma lokacin an shiga tsuke bakin aljihu, masana'antu sai rage ma'aikata suke yi, kuma kowa ya san marar lafiya ake fara sallama. 'Ya'ya biyar ke ci daga aikin nan. Don haka Labaran ya koyi haɗiye tari, in ya ci ƙarfinsa ya tafi bayan gida ya amayar da shi a can. Ran Juma'a kuma ya kai wa wanzami bayansa a yi masa ƙaho.

Ana haka sai inji ya danne wani ma'aikaci, aka rasa wanda ya san yadda za a ɗaga shi. Kamfani ya ce kowane sashe ya ba da mutane a koya musu taimakon gaggawa, Labaran ya faɗo cikin waɗanda aka ɗiba. Mai koyarwar ita ce Sista Rifkatu, nas ɗin kilinik ɗin masaƙar, mutuniyar Kagoro, mace mai faɗa da tausayi a haɗe. Da ta buɗe hoton jikin mutum da aka ba ta, sai ta tarar gara ta yi kalaci da ƙirjin. Ta ce to a nemo mata siririn mutum. Idi, abokin Labaran, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce ai ga Labaran nan, ko a cikin bargo yake ana iya ƙirga shi.

Da fari kunya ta hana shi, magidanci ya tuɓe riga a gaban mace. Sai ya tuna zama ne a kan benci, nesa da ƙarar inji, kuma a cikin lokacin aiki. Ya cire rigar.

Haka Labaran ya zama allo. Sista ta riƙa bin bayansa da alli tana nunawa: ga ƙashin baya, gaɓa-gaɓa daga wuya har kwankwaso, laka na cikinsa, shi ya sa ba a ciccibar wanda ya faɗi yadda ake ciccibar buhu. Ga allon kafaɗa, in ya ɗaga hannu su ga yadda yake zamewa. Ta juyo da shi, ga ƙashin ƙirji, ga ƙahon zuci, ga inda zuciya take, ga iyakar huhu. Gardama ta tashi da Idi ya rantse namiji haƙarƙarinsa na hagu bai cika ba, tunda da ɗaya aka yi mace. Wani Tanko, Kirista, ya mara masa baya. Sista ta sa su lalubo da yatsunsu, suka samu sha biyu a dama, sha biyu a hagu. Idi ya ce to shi dai na Labaran an mayar masa. Har Labaran ya yi dariya, a hankali, don kar tarin ya biyo ta.

A gaskiya ya ji daɗin kwanakin nan. Tunda yake, ba a taɓa kallon bayansa don wani abu ba sai don a ɗora masa kaya. Ya lura Sista ta ɗan tsaya a kan tabon ƙahon da ya cika masa gadon baya, sannan ta wuce gaba da allinta.

Ranar ƙarshe ta zo da abin sauraron ƙirji, ta ce kowa sai ya ji yadda numfashin mai lafiya yake. Ta ɗora a bayan Labaran, ƙarfen da sanyi.

"Baba, ku ja numfashi sosai."

Ya ja kaɗan. Ta ce ya ƙara. Ya ja, sai ƙirjin ya ɗau kuka kamar tsohuwar zugazugi, tarin da ya daɗe yana ɗaurewa ya tsinke gaba ɗaya, har ya dafa benci. Sista ta yi maza za ta naɗe abin, amma Ashafa, shugaban sashensu, wanda layi ya zo kansa, ya riga ya miƙo hannu. Ya saurara, ya saurari na Idi, sannan ya ajiye abin.

Da aka watse Labaran ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Ta ce ko ta rufe bakinta, kunnuwa da yawa sun ji. Ta gaya masa audugar ce ta cinye huhun, abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma in ya bar ɗakin nan zai ja kwana. Idonta ya kawo ruwa, ta ce da ta sani da wani ta ɗauka.

Ƙarshen wata Ashafa ya kira shi gefe. Ba mugu ba ne, shi ma umarni aka ba shi ya rage mutum biyu. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Malam Labaran, ku yi haƙuri, ni ma da kunnena na ji."

Labaran ya tura kekensa har gida da rana tsaka. Sauda na tankaɗe, ta ɗago ta dube shi, ta gane tun bai yi magana ba. Ta tambaye shi laifin me ya yi musu. Ya zauna a bakin ƙofa, ya jira numfashinsa ya dawo.

"Cewa aka yi in ja numfashi," ya ce, "na ja."