Rijiyar da Na Ɓoye

Ina iya mance abubuwa da yawa na ƙuruciya, amma ban da ranar da na faɗa rijiyar da na haƙa da hannuna.

Lokacin ni kaɗai nake zaune a gonata, arewa da Birnin Lalle. Matata ta rasu, 'yan'uwa sun yi kudu. Na haƙa rijiya gaba huɗu a cikin kwari. Dokar mai gari kowa ya san ta: duk mai rijiya a daji ya gitta mata itace masu kauri a baki, ya kewaye ta da ƙaya, don a hango ta tun daga nesa. Ni kuwa da rowa irin tawa na ce ƙaya ai talla ce, makiyaya za su gani su shanye min ruwa. Sai na shimfiɗa karan gero, na watsa rairayi a kai. Har daɗi na ji, wai ni mai wayo.

Iskar bazara ta yi kwana biyu tana kaɗawa, ta share alamar da na sa. Da hantsi na zo da guga ina lalube, sai ji na yi rugum! Ƙafar hagu ta karye, ruwa iya ƙugu.

Na yi ihu har murya ta dushe. Wa zai ji? Ba wanda ya san da rijiya a wurin, ni na ɓoye ta. Ba kuma mai jirana a gida, balle a ce ban dawo ba. Wannan ya fi min ƙafar ciwo. Wallahi na yi kuka, ina kiran sunan matata.

Wajen la'asar na ji takun shanu, ashe sun sansano ruwa. Wani dattijon Bafillace ya leƙo.

"Subhanallahi! Bawan Allah, kana da rai?"

"Da saura, Baffa. Jefo igiya."

Ya ɗaura wa bijiminsa, aka jawo ni. Ya dubi karan ya ce, "Wane marar imani ne ya rufe rijiya haka?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne."

Ya ɗora min ƙafa, ya saro itace da ƙaya ya rufe rijiyar yadda doka ta ce. Ko saniya ɗaya bai shayar ba sai da ya nemi izinina. Kunya kamar in koma ciki.

Har yau ina ɗingishi. Ranar na gane ba don baƙo kaɗai ake sa ƙayar nan ba, har da don a san inda za a neme ka.