Awon Ƙafa

Shekarar da mulki ya sauya a Kabul, aka kwaso iyalai da dama aka zuba su a wani otal a gefen Manchester. Mu kuwa muna da 'yar ƙungiyarmu ta matan Hausawa, wadda asali don suna da ta'aziyya muka kafa ta. Akwai likitoci, akwai akanta, ni kuma ina ba da magani a wani kanti a Rusholme. Da labarin otal ɗin ya iso mana sai muka zama masu tara kaya. Falona na Old Trafford ya koma kasuwar gwanjo, maigidana sai ya tsallake buhunan riguna kafin ya kai kujerarsa, yana ƙunƙuni ina yi kamar ban ji ba.

Ranar Asabar muke zuwa. Masu otal sun ba mu wani ɗaki a ƙasa, muka jera tebura, nan rigunan sanyi, nan hijabai da audugar mata, can ƙarshe takalma. Ni aka bai wa takalma, wai don na fi kowa iya tsawa, kuma ban musa ba. Shugabarmu, wadda duk muke kira Hajiya, ta kafa doka cewa kowa ya ɗauki na wanda yake tare da shi kawai, in ba haka ba kayan ba za su zagaya ba.

A nan na fara ganin matar. Doguwa ce siririya, ba ta shiga turereniya. Sai da kowa ya watse ta zo teburina, ta kwance bakin gyalenta ta ciro wani jan zare. Ta ɗauki takalmin yara mata ta kifa shi, ta shimfiɗa zaren a tafinsa daga dunduniya zuwa baki, in bai yi ba ta ajiye ta ɗauki wani. Na san 'ya'yanta, maza ne biyu ƙanana, ba ta da 'ya mace a otal ɗin. Na buɗe baki zan karanta mata dokar Hajiya, sai na fasa, domin na san wannan awon. Haka mahaifinmu yake yi mana a Kano in Sallah ta matso. Sai ya sa mu taka ƙasa, ya karyi tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar kowa, ya zuba a aljihu ya tafi kasuwa.

Wata malamar makaranta a cikin mutanen otal ɗin, mai jin Turanci, ita ta ba ni labarin. Ranar da suka nufi filin jirgin Kabul, cunkoso ya raba matar da 'yarta a bakin ƙofa. Ita da mijinta da yaran suka shige, yarinyar ta rage a waje a hannun kakarta. Zaren kuwa tun kafin tashin hankalin ta auna shi, za ta sayo mata takalmin makaranta, ya rage a ƙulle a gyalenta. Yarinyar sa'ar 'yata ce, lokacin ba su gama firamare ba.

Da na faɗa wa Hajiya sai ta ce, "Ai yarinyar tana tare da ita. Ki ba ta."

Aka ci shekara suna otal ɗin, har wata Sallar ta matso. Ta sake zuwa da zarenta, wancan dai na farko. Mu a gidanmu ba a saya wa yaro takalmi daidai ƙafarsa, sai an ƙara masa wurin girma, uwata ma har tsumma take cusa mana a baki. Hannuna ne ya riga tunanina. Na ɗora yatsu biyu a gaban inda zaren ya ƙare, na ce wa malamar ta gaya mata yarinya ta girma, ta ƙara wannan. Matar ta zuba wa yatsun nan ido kamar ba ta taɓa ganin hannun mutum ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sulale ta zauna a ƙasa, takalmin yana cinyarta.

Malamar ta ja ni gefe. Ashe kakar ta rasu da sanyin da ya wuce, wani kawu ya ɗauki yarinyar suka nufi kan iyaka, daga nan waya ta daina shiga. An kai sunanta wurin masu neman dangin da suka ɓata, shiru. Uwar ba ta san ko 'yarta tana girma ba, ko ta tsaya a inda zaren ya tsaya. Ranar na koma gida na kasa cin abinci.

Asabar ta gaba na tafi da 'yata, na jawo ta ne tana tura baki. Matar ta zo, ba ta kalli tebur ba, ƙafar 'yata take kallo. Ta dube ni ta ɗora hannu a ƙirji, na gane izini take nema. 'Yata ta raɗa mini da Turanci, tana tambayar me matar take yi, "Mum, what's she doing?" Na ce ta cire takalminta ta yi shiru. Matar ta durƙusa ta riƙe dunduniyar a tafin hannunta, ta daɗe kafin ta shimfiɗa zaren. Bai kai ba. Ta zaro wani daga gefen gyalenta ta ɗaura a kai, ta gatsa da haƙori.

Daga baya ƙaramar hukuma ta samar musu gida a wani bene a Birmingham, a Perry Barr. Malamar ma can aka kai ta, ta tara matan ƙasarsu suka kafa tasu ƙungiyar, suna ɗinki, suna koyon Turanci, suna raka sababbin zuwa wurin likitan unguwa. Yanzu su ke rabon, mu namu kai kaya. Duk azumi nakan cika mota in ɗauki 'yata mu tafi. In mun sauke kaya sai mu hau sama wurin matar, ta shimfiɗa mana darduma, ta kawo mana shayi da zabibi, sannan ta kwance bakin gyale. Zaren ya yi ƙulli-ƙulli, kowane ƙari da launinsa. Kowace shekara takan ɗauki takalmi daidai sabon awon. Waɗanda suka yi kaɗan ba ta bayar da su ba, suna jere a ƙarƙashin gado, ba a taɓa taka ƙasa da su ba.

Da farko 'yata tana mita, daga baya ita take tuna mini tafiyar. Wata rana a hanyar dawowa ta ce mini, da Turancinta na 'yan Manchester, wani lokaci in tana tafiya makaranta sai ta ji kamar ba ita kaɗai take taka ƙafar ba. Na yi mata faɗa na ce ta daina irin wannan maganar. Amma tun daga ranar, in na ji takunta a matakala, gabana yakan faɗi.

Bana muka je kamar kullum. Matar ta durƙusa ta shimfiɗa zaren, ya tsaya cif a bakin babban yatsa, daidai inda ya tsaya bara. Ta sake gwadawa. Ta kama ɗaya ƙafar, haka. Sabon zaren da ta tanada, kore, yana rataye a leɓenta. Ta cire shi a hankali, ta yi magana da Turancin da ta koya a hannun malamar.

"Ta gama girma, 'yar'uwa," ta ce mini. "Ban gani ba."

'Yata tana tsaye da ƙafa ɗaya babu safa, hawaye yana bin fuskarta. Matar ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da takalmin bara, baƙi mai igiya, ta goge shi da bakin gyalenta.

"To wannan zai yi mata ke nan," ta ce. "Wannan zai iya jira."

Ba ta mayar da shi ƙarƙashin gado ba. Ta kai shi bakin ƙofa ta ajiye kusa da na ƙannen yarinyar.