Miss Icilda da Titin da Ba a Taɓa Yi Ba

Shekara talatin da ɗaya Miss Icilda ta yi tana buga takardu a ofishin ƙaramar hukumarmu, nan Jamaika. Da ta yi ritaya sai ta kafa tsohon tafiretanta a baranda, mai matsalar takarda ya same ta can. Masifaffiya ce ta gaske, ba ta amsa gaisuwarka sai ka goge ƙafa.

Ni abin da ya kai ni, ɗaki da falo na so in gina wa Mama a bayan gida. Mun yi yawa, ƙanwata kuma ta matsa sai ta tafi da ita Kingston. Izini ya fito, amma da sharaɗin in fitar da wurin ajiye mota. Filin da ya rage kuwa ɗaya ne, inda kwakwar da aka binne cibiyar marigayi yayana a gindinta take. Mama ta ce ranar da gatari ya taɓa ta, ranar za ta haɗa kayanta.

Miss Icilda ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Lenford, kai dai kanka kamar kabewa. Matakala nawa ake hawa daga titi zuwa gidanku?"

"Saba'in da biyu, Miss Icilda."

"To a taswirar ƙaramar hukuma, matakalan nan titi ne. Ni na buga takardar aikin tun kana goye, ba a taɓa yin sa ba."

Layi huɗu ta buga na ɗaukaka ƙara, ko cibiya ba ta ambata ba. Ta ce, "Ban da kuka. Ka ce su zo su gani."

'Yan kwamiti suka zo su uku, da kwat da takalmi sau-ciki. Shugaban kwamitin ya iso sama yana haki, ya ce, "Wace mota ce za ta hau nan, mai fukafukai?" Kafin sati biyu aka soke sharaɗin.

Mama ta tare kafin Kirsimeti. Allah ya sani, har yau ban san yadda zan gode wa Miss Icilda ba. Na je ɗauko ta ta ga ginin, ta ce gwiwoyinta sun mutu, in rabu da ita. Mu huɗu muka ciccibe ta a kujera, tana zaginmu tun daga ƙasa har sama.

Muna sauke ta Mama ta kama hannuwanta biyu, sai hawaye. Miss Icilda ta kawar da kai.

"Lenford, kallo ka tsaya yi? Kawo wa uwarka kujera."