Muryar da Ke Jiran Kogi

A wani ɗaki bayan kasuwar Bagudo muke aiki, ni da ɗan baffana, da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙara kamar injin markaɗe. Ƙungiyar manoman shinkafa ce ta ɗauke mu, don mu riƙa gargaɗin mutanen bakin kogi idan ruwa zai cika.

Shi ya tsara komai. Ya raba aikin zuwa ƙananan manhajoji, kowace a cikin nata keɓaɓɓen wuri a kwamfutar, wanda ake kira kwantena: ɗaya na riƙe da lambobin manoma, ɗaya na duba ma'aunin ruwa, ɗaya kuma na buga wa manoma waya idan ruwan ya kai matsayin haɗari. Dukkansu a fayil guda suke rubuce, kuma a ciki ya sa sharaɗin cewa duk lokacin da kwamfutar ta tashi, su ma su tashi tare. Da yake yawancin manoman ba sa karanta saƙo, sai ya naɗi muryarsa da Hausa da Dendi. Na sha yi masa tsiya cewa muryar nan tasa ko akuya ba za ta kora daga gona ba.

Da rani zazzaɓi ya ɗauke shi. Bayan sadakar uku na shiga ɗakin na tsayar da kwantenan wayar da hannuna, da niyyar in naɗi wata muryar kafin damina. Na kasa. Duk sanda na buɗe baki gaban makirfo sai in kashe shi in fita. Abin da na fi tsoro shi ne mahaifiyarsa, Inna, wadda ke noma kusa da Illo, ga hawan jini, ga lambarta a cikin na manoman.

Wata ranar kasuwa, damina ta yi nisa, hadari ya kwana biyu bai bar rana ta fito ba, batirin sola ya mutu, kwamfutar ta ɗauke. Bayan la'asar wuta ta dawo. Ina wajen mai tsire na ji wayar wani ta yi ƙara, sai ta na kusa da shi, sai rumfa bayan rumfa. Kasuwar ta yi tsit. Daga kowane aljihu marigayin ke sallama, a natse, yana cewa ruwa na tafe, a kwashe shinkafa. Wata mai shagon magani, 'yar kudu da ita ma ke noman shinkafa, ta ajiye wayarta a ƙasa ta ja da baya. Ni na san dalili: fayil ɗin bai san an yi rasuwa ba, ya tashe su duka kamar yadda aka umarce shi.

Na hau babur na nufi Illo. A can wayoyi kan kama layin ƙasar Benin da ke maƙwabtaka, kira ya yi ta yawo kafin ya shiga, sai na sa rai zan riga shi isa.

Na tarar da Inna zaune a kan turmi, wayar a cinyarta, maƙwabta na ɗora buhuna a amalanke.

"Ya kira ni," in ji ta. "Har sallama yay yi mini."

Na durƙusa na yi mata bayanin naɗi da kwamfuta, na ce gobe zan cire muryar. Ta saurare ni har na gama.

"Na san ɗana na kabari, ba sai ka hwaɗa mini ba. Kak ka taɓa shi. Yaushe za shi sake kira?"

Na ce sai ruwa ya sake kai wannan matsayin.

Ta juya tana kallon kogin da ke shirin cinye mata gona, kuma wallahi ban ga tsoro a fuskarta ba. Har yau ban cire muryar ba. Idan damina ta kama, kowa a bakin kogin nan roƙo yake ruwa ya tsaya inda yake, ban da mace ɗaya, wadda ke kai wayarta caji tun da safe.