Ba'indiyen Bakin Kogi

A mashigin kogin Haɗeja, kusa da rumfar Bature mai sayen gyaɗa, wani tsohon Ba'indiye yana tsaye cikin koɗaɗɗiyar kwat, idanunsa sun sha kwalli. Yana rera waƙar ƙauyensu, yana miƙa wa ruwa hannu.

"Malam, kullum haka yake," in ji Shu'ibu mai fito. "Wai dā a ƙasarsu shi ake nunawa a majigi. Sau bakwai aka kashe shi a ciki."

Wataƙila don muryar ta dishe ne, mutanen da suka tsaya kallo suka watse.

Ya kai ƙarshen waƙar, ya rusuna. Babu komai gabansa sai kainuwa, amma ga shi yana murmushi, yana gode wa waɗanda ba na gani, ɗaya bayan ɗaya.