Barau Mai Juya Layi da Agogon Tashar Gagarawa

Gumel, Alhamis, 16 ga Maris, 1978. Kumburin ƙafata ta dama ya ɗan sace, amma tari na nan, hannu kuma na rawa. Mai karatu ya yi haƙuri da rubutun.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Lahadi da ta wuce Allah ya karɓi ran Malam Barau Ɗanzomo, mai juya layin dogo a tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa. Shekara goma sha tara muna aiki tare, ni akawu, shi a bakin layi. Ban tuna ranar da muka yarda da juna a kan komai ba.

Barau, ka tuna azahar ɗin nan ta 1971? Na dubi agogon tasha na ce lokacin salla ya yi. Ka kafa karan dawa, ka auna inuwa da ƙafa, ka ce da saura. Na ce maka jahili. Ka ce mini mai bautar ƙarfen Bature. Muna cikin haka jirgin gyaɗa daga Nguru ya tsaya a sigina minti arba'in yana kuka, babu mai ba shi hanya. Aka dakatar da mu mako biyu.

Bappa, sakataren ƙungiyar ma'aikata, ya ɗaukaka mana ƙara zuwa Kano. Tun a jirgi yake yi mana karatu: "Ku ce kun shirya. Ko tari kada ku ƙara." Muka ce mun shirya, har muka yi musafaha a gaban kwamitin manya uku. An ɗauko alƙalami za a sa hannu ke nan, sai shugaban ya ce, "To, a ƙarshe wa ke da gaskiya?"

"Ni," muka ce tare.

Bappa ya dafe kai. Kai kuwa ka tuɓe takalmi ka fita tsakar ofis kana auna musu inuwa. Biyu daga cikin manyan nan uku suka bi ka, suka dawo suna musu a tsakaninsu. Shugaba ya fusata, ya ce a faɗa masa wanda ya fara.

Ka san ina da takardar gargaɗi biyu, ta uku kora ce, ga shekara ɗaya ta rage in yi ritaya. Ka miƙe ka ce, "Ranka ya daɗe, ni na fara. Akawu mutum ne mai shiru." Duk Gagarawa ba a taɓa yi mini wannan shaidar ba. Aka mai da dakatarwarka wata guda, ni na koma aiki.

Ni na fara, Barau. Kuma da na koma na tarar agogon yana gaba da minti ashirin. Na gyara shi ba wanda ya gani, na ci gaba da yi maka musu shekara bakwai. Ka yafe mini.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba uwargidanka Fadimatu da 'ya'ya da jikoki haƙurin rashi.

Ɗan marigayin, Hussaini, ya aiko cewa zai biyo ta nan daga kasuwar Maigatari, na ce sai ya kai wa iyali wannan takarda su san gaskiya. Tun hantsi nake zaune a zaure. Motocin kasuwa duk sun wuce, bai zo ba.