Kifin Inna Da Motar Gas

Yelwa zuwa Wara

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar Yelwar Yawuri, ni da Kawu Mamman, ƙanen Inna, wanda ya tsufa a tuƙin babbar mota. Tafkin Kainji bai daɗe da cika ba. Ruwa ya ci mana gona, amma ya biya mu da kifi. Inna tana sayen kifin banda a hannun masunta, sai dai kafin a samu motar Kwantagora ƙwari sun ci rabonsu. Da muka ji masu ginin madatsa suna sayar da tsofaffin motocinsu, sai ta kwance duk abin da ta tara ta damƙa mini.

A bakin zaure ta miƙo mini ƙunshin kifi na guzuri, ta ce, "Ni ban san fetur ba, ban san gas ba. Amma in kihina ya yi warin mai, babu mai saye nai. Ka jiya?"

Ni fetur nake so, kuma ba zan ɓoye dalili ba: ba ta da ƙara, tana da gudu, irinta akawuna ke shiga. Kawu kuwa gas, wato dizal. Mil hamsin da ɗoriya muna gardama. Gab da Wara muka iske wani rafi da tafki ya tura wa ruwa har gwiwa, ga wata motar fetur a tsakiya ta mutu, direbanta yana ta goge wayoyin fulogi da tsumma. Motar hayar da muka shiga, ta gas, ta ratsa ta wuce. Kawu gyaran murya kawai ya yi, kuma ta fi mini zagi ciwo. Da azahar muka sauka, muka ci tuwon shinkafa na sule ɗaya, muka kwana gidan wani abokinsa.

Wara zuwa madatsa

Ƙarfe bakwai muka shiga jirgin ruwa mai inji. Awa huɗu muna ratsa kawunan giginya da suka rage a saman ruwa. A ƙofar madatsa sojoji suka nemi takardar haraji, don lokacin yaƙi ne. Suka kwance ƙunshin Inna, na bar musu kifi biyu.

Makaniken filin motocin Bulus ne, Bakambare daga Ngaski. Ya nuna mana a-kori-kura biyu. Ta fetur fes da ita, bugu ɗaya ta tashi. Ta gas duk jikinta lotse, sai da ta yi tari kamar tsoho mai shan taba kafin ta tashi.

"Ta fetur ko ina akwai mai gyara ta," in ji Bulus. "Ta gas sha kaɗan, tahiya nesa, ba ta tsoron ruwa. Amma ran da famfon mai ya lalace, sai Kaduna."

Sai na raba sauran kifin biyu, na sa a bayan kowace mota, muka zaga mil biyar biyar. Kifin ta fetur lafiya lau. Na ta gas kuwa, ko kyanwa ba za ta ci ba don warin mai. Na juya zan rama gyaran murya, sai rafin Wara ya faɗo mini. Wadda za ta kai kifin za ta ɓata shi, wadda ba ta ɓata shi kuwa, ba za ta kai shi ba. Gaskiya hankalina ya tashi.

Bulus ya shinshina kifin da kansa, ya ce, "Uwata ma banda take yi." Ya shige ƙarƙashin motar, ya fito yana dariya: salansa ta karye daidai ƙasan katakon baya, hayaƙi ta nan yake hawa. Ya yini yana walda, ya miƙe bututun sama da kan direba, ya shimfiɗa kwano a kan katakon. Kawu ya ce garwar mai a gaba za a ɗaure ta, ba ta sake haɗa wuri da kifi. Na biya kuɗin ta gas, muka kwana a masaukin leburori.

Komawa gida

Washegari ƙarfe shida muka biyo ta Auna. A Wara muka ɗora kwando uku na kifin Inna. Da muka zo rafin, motar ta ratsa tana gurnani. Wannan karon ni na riga Kawu yin gyaran murya.

La'asar sakaliya muka tsaya a ƙofar gida. Inna ko kallon motar ba ta yi ba. Ta sa aka sauke kwandon da ya fi kusa da bututu, ta zura hannu har ƙasa, ta ɓare kifi ɗaya, ta shinshina, ta tauna. Ta daɗe tana taunawa, ni kuwa gumi har tafin ƙafa.

"Wanga hwa hayaƙin itace ne," ta ce. Sannan ta dubi motar. "Mummuna ce, amma ba aure nika kai ta ba. Ku shirya, gobe Kwantagora."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Bulus. Kawu kuma, to, shi ma na gode masa.